Gaba Ashirin da Uku

Saura kwana tara mu shiga Wayek.
Fitilar caji ta fara lumshe ido,
ni kuwa ina duƙe kan tsofaffin tambayoyin fiziks
da Malam Yila ya ara mini,
bangon ya sha hannu har ya koma tsumma.

Tambaya ta bakwai:
an saki dutse a bakin rijiya,
daƙiƙa uku ya iske ruwa.
Nemo zurfinta.

Na bi sawun amsar, taki bayan taki.
Abin da aka ba ki, jera shi gefe.
Gudun farko sifili ne,
tunda sakinsa aka yi, ba jifa ba.
Jan ƙasa, goma.
Uku sau uku, tara;
tara sau goma, casa'in;
a raba biyu, arba'in da biyar.
Mita! Kada ki bar mita a baya, Dija.
Lamba babu ma'auni, in ji Malam,
akuya ce babu igiya ranar kasuwa.

Baffa yana kishingiɗe a bakin zaure, yana ji.
Shekara talatin yana haƙar rijiya a Dukku,
inda ruwa ke wasan ɓuya da mutane,
sai an bi shi can ƙasa kamar mai bin bashi.
Bai ce uffan ba.
Da asuba, bayan salla, ya ce ɗauko wayar yayanki.

Muka tsaya kan rijiyar gindin tsamiya,
mata ba su fara zuwa da jarkoki ba.
Ya zaɓi tsakuwa, ya shafa ta da babban yatsa, ya saki.
Shiru.
Shiru.
Tsulum.
Agogo ya ce uku, cif.

Na juya mitocina zuwa yaren Baffa,
na ɗaga kai kamar wadda ta ci gasa:
gaba ashirin da biyar.

Ya yi dariya har hularsa ta goce.
Ashirin da uku, ya ce.
Ni na sauka cikinta da ƙafafun nan,
igiyar tana rataye a rumbu, je ki gwada.
Na gwada. Sau biyu na gwada.
Gaba biyu sun ɓace tsakanin littafi da uba,
na wuni ina nemansu, ko koko ban sha ba.

Malam Yila bai yi mamaki ba.
Ya karkaɗe alli daga hannun rigarsa,
ya zana rijiya a allo, doguwa, karkatacciya,
kibiya ɗaya tana sauka,
sai ya ƙara wata tana hawa.
Dutsen ya isa tun kafin ki ji, ya ce.
Ƙarar ma tafiya take yi,
mita ɗari uku da arba'in a daƙiƙa,
kuma ita hawa za ta yi.
Cikin ukunki akwai kuɗin motar labari.

Muka cire mata rabonta, ɗan ƙanƙani,
bai kai ƙiftawar ido biyu ba.
Abin da ya rage: arba'in da ɗaya da 'yan kai.
Na raba da gabar Baffa, hannuna yana rawa.
Ashirin da uku.

To, ranar jarrabawa, in ta fito,
arba'in da biyar zan rubuta,
in ja layi biyu a ƙasa, in sa mita,
domin rijiyar takarda ba ta da iska,
ba ta da amo, ba kwaɗo, ba wanda ya taɓa shiga.

Amma yau da dare na ɗauki fensir,
a gefen shafin, inda Malam ba zai yi faɗa ba,
na rubuta ƙanana:
Hammadikko mai rijiya ya duba wannan.

Fitilar ta mutu.
Saura kwana bakwai,
ban ko taɓa babin lantarki ba.